Kokon da Na Ƙi Sha a Dubai

Tun ranar da na dawo Yauri bakina bai huta ba. Mai sayen kifi ya zo, kafin ya taya sai ya ce, "Kulu, wai da gaske a teku kika yi iyo?" Matan da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare kuwa, kowacce da irin labarin da ta ji. Wata ta ce an ce na ciyo mota, wata ta ce an ce a asibiti na ƙare. Ban ciyo mota ba, ban kwanta asibiti ba. Tun da Allah Ya sa na iya riƙe biro, ko da yake sai da na yi jika na koya, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wanda bai iya karatu ba ya je ya koya, ajin yana nan bayan la'asar.

Asalin maganar, likita ne ya ce ina da ciwon suga. Autata Safiya, wadda take aikin jinya a Dubai, ta ɗaga hankalinta ta ɗaga nawa. Kullum waya: "Mama, ki rufe bandar nan, hayaƙi zai ƙarasa ki. Ki zo ki zauna wurina in riƙa duba ki." Bandar kifin da take cewa in rufe, da ita na ciyar da su tun rasuwar ubansu, da ita na biya makarantar da ta sa yau take yi mini faɗa rabi da Turanci.

Wata rana muna wayar da ake ganin juna, ta nuna mini abokan aikinta a wani tsere, wai shi tirayatalon. Mutum ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, duk a tashi ɗaya. Ta ce, "Kin ga masu lafiya ke nan."

Na ce, "Wannan? Ai wannan aiken safe ne a Yauri."

"To ki zo ki yi mana."

"Biya mini jirgi ki gani."

Ta yi dariya har tana share hawaye, sannan ta gindaya sharaɗi don ta tabbata ba zan iya ba. Idan na gama da ƙafata aka rataya mini lamba, ba za ta sake ambaton rufe banda ba. Idan kuwa motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza ta ɗauko ni, ko alƙalai suka soke ni, to na zauna Dubai ke nan. Na ce na yarda. Likitana ya duba ni ya ce ƙaramin tseren na 'yan koyo zan iya, in dai na yi shiri kuma dabino bai rabu da aljihuna ba. Na kakkaɓe keken marigayi, na koma bakin kogi bayan asuba, da yamma in zagaya filin makaranta. Unguwa ta yi ta magana. Na bar su, ai ba su za a kulle a benen Dubai ba.

Da biza ta fito na kama hanya. Daga Yauri zuwa Kontagora zuwa Abuja, motar haya ce, ni da kwalin kifi a kan cinya, don ban yarda a ɗora masa buhun albasa ba. Jirgi ya sauke mu Addis Ababa, muka canza wani. Abincin jirgi ba laifi, sai dai an auna shi ne da cikin jariri.

A filin jirgin Dubai ba mutum ke fara duba ka ba, na'ura ce. Aka ce in kalli wani gilashi in buɗe ido. Na buɗe. Aka ce in ƙara. Na zare su yadda nake zare wa mai son taya mini kifi da wulaƙanci, nan take ƙofa ta buɗe. Wajen duba kaya wani jami'i cikin farar riga ya sa aka buɗe kwalina. Ƙamshin banda da daddawa ya tashi, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya tambaya da Turanci mene ne. Na ce kifi. Ya nuna daddawa. Ban san sunanta a kowane yare ba, sai na yi masa alamar tuƙa miya na sumbaci yatsuna. Ya kira wani, suka yi shawara, suka riƙe daddawar suka bar mini kifi. Na yafe. Ina fata dai wanda ya kai ta gida matarsa ta san abin da ake yi da ita.

Safiya na zaune a tsohon gari, kusa da Al Ras, inda shagunan kayan yaji suke jere har mutum ya yi ta atishawa. Ɗaki ne da ɗan falo a saman bene, taga ba ta buɗuwa sosai, sanyin na'ura dare da rana. Maƙwabcinta na ƙofa da ƙofa, shekararsu guda tare, ba ta san sunansa ba. Na gaishe shi a lif, na'urar hawa bene, na tambayi iyali, bawan Allah ya duba bayansa ko da wani nake. Na ce a raina, nan ake so in ƙare rayuwata? Mutumin da ya mutu a nan sai wari ya yi masa shela.

Abin da ya cece ni shi ne Hajiya Mariama. 'Yar Gana ce, daga Zangon Kumasi, tana dafa abinci a wani ɗan shago a bayan masu kayan yaji. Ta girme ni, ga jiki, ga murya. Ranar farko da Safiya ta kai ni, ta rungume ni kamar mun sha nono ɗaya, ta zubo mini garaugarau irin nasu mai karan dafi, da koko mai citta da barkono wanda ke sauka har yatsun ƙafa. Na kai mata kifi, ta shinshina ta yi ƙwalla. Daga ranar, duk safiyar da Safiya ta tafi aiki a wurinta nake karyawa, kuma ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa jakata ba. "Khalas, Maman Safiya," take cewa, wato shi ke nan da Larabci. "Baƙo ba ya biya a wurina. Ci ka ƙoshi." Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne.

Keke kuma Bitrus ne ya samo. Mutumin Kagoro ne, magidanci, makanike a Ras Al Khor, inda gareji ke bin gareji. Ya aro mini keken tsere daga wurin maigidansa, siriri, marar nauyi, sirdinsa kamar bakin wuƙa. Na ce, "Bitrus, wannan a kan me ake zama?"

"A kan haƙuri, Mama."

Na sa ya canza sirdi ya kuma ɗaura mini ƙararrawa. Ya ce masu tsere ba sa sa ƙararrawa. Na ce masu tsere ba su taɓa shiga kasuwar Yauri ba. Ranar hutunsa ya ɗauke mu a a-kori-kurarsa, ni da matarsa Rifkatu, zuwa Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman, don in koyi canza giyar keke. A nan na gane hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Keken ya kwashe ni ina salati ina kaɗa ƙararrawa, sai ga awaki a tsakiyar titi. Akuya dai akuya ce ko a ƙasar masu kuɗi, ta tsaya tana kallona. Na matse birkin gaba, wanda Bitrus ya ce kada in matse shi kaɗai, na sauka ta kan gwiwa. Rifkatu ta wanke mini ciwon tana danne dariya, ni kuma na riƙe darasin birki har abada.

Kafin tsere Safiya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin dokoki. Akwai hular kwano, akwai wani abu da ake ɗaurawa a idon sawu mai lissafa lokaci. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Mama, wannan ki ji da kyau. Ba a karɓar komai daga hannun ɗan kallo. Ko ruwa, ko dabino. Ba a kuma yi wa mutum rakiya. Sai abin da masu tsere suka ajiye a teburinsu. In alƙali ya gani, an soke ki."

"Ko ruwa? Mutum ya ga ɗan'uwansa na ƙishi ya miƙa masa ruwa, shi ne laifi?"

"Shi ne."

"Wace irin ƙasa ce wannan?"

"Ba ƙasar ba ce, dokar wasan ce. Ni dai na faɗa miki, kada ki ce na yi miki wayo."

Yarinyar tana da gaskiya ko a abin da zai kayar da ita. Wannan ni ta gado.

Ranar tsere muka isa bakin teku bayan asuba. Jama'a kala-kala, Turawa, Indiyawa, Larabawa, 'yan Filifin, tsofaffi da masu ƙiba, har da wani mai ƙafar roba. Ni ina cikin rigar iyo ta aro, ta roba, mai rufe jiki har kai, wadda sai da Safiya da wata 'yar Masar suka taru suka cusa ni a ciki. Aka nuna mana manyan balan-balan a kan ruwa, aka ce a zagaye su a dawo. Na duba nisan, bai kai rabin faɗin kogi a wurinmu ba. Na ji tausayin Safiya.

Aka busa ƙaho muka faɗa. Abu na farko, wani ya harbe ni a haƙarƙari, na buɗe baki zan faɗa masa abin da ya dace da shi, teku ta shiga. Jama'a, ruwan nan miya ce da marar hankali ya zuba wa gishiri. Abu na biyu shi ne ya fi. Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san ba a nufar inda za a kai tsaye. Sama kake nufa, ruwa ya sauko da kai daidai mashigi. Jikina ya yi abin da ya saba tun ina yarinya, na karkata dama na dage. To wannan ruwan a killace yake, ba ya tafiya ko'ina. Ina ta jiran ya sauko da ni, bai sauko da ni ba. Da na ɗaga kai sai na ga ba kowa kusa da ni, balan-balan na can hagu sun zama ƙanana, gabana kuwa ruwa ne har ƙarshen duniya. Wani mai ɗan kwalekwale ya biyo ni yana busa usur yana nuni da filafili: "Mama! Yalla, yalla!" Wato in yi maza in juyo. Da bai zo ba, ina jin da yanzu daga Iran nake rubuto muku.

Na fito cikin na baya-baya. A wurin da aka jera kekuna, mutane na tuɓe rigar roba a guje a gaban kowa, su haye su tafi jiƙe. Ni ba a haife ni a haka ba. Na ɗaura zani a ƙirji kamar yadda muke yi a bakin kogi, na sauya kaya a ƙarƙashinsa, na goge ƙafa, na shafa mai don gishiri ya busar da ni, na ninke rigar mutane na ajiye. Sai na jiyo Safiya daga bayan shinge: "Mama! Agogo bai tsaya ba!" Ashe har sauya kayan cikin tseren yake. Ba wanda ya faɗa mini, ko kuma an faɗa ina tunanin wani abu.

Keke ya yi mini daɗi. Titi sumul, an hana motoci, ba rami, ba akuya. Masu saurin da suka riga suka juyo suna wuce ni kamar iska, kowanne ya yi ihun wata kalma. Na ɗauka gaisuwa ce ina amsa musu da "Yauwa, sannunku," sai daga baya na ji wai cewa suke in kauce. Na wuce mutum uku da ƙararrawata, na ci dabino, na ji ni sarauniya.

Da na sauka zan fara gudu, sai na tarar an sace mini ƙafafu an sa na wata. Cinyoyi kamar turmi, gwiwar Hatta ta farka. Rana ta ɗaga. Waɗanda na wuce suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya, sai ga motar kwashe-kwashen can baya tana tafe a hankali, kusa da ni kuma wata alƙaliya Baturiya a kan keke, siririya, da baƙin tabarau. Ni ce ta ƙarshe, don haka ni ce aikinta. Teburin ruwa na baya na wuce shi tuni, na gaba ban hango shi ba. Harshena ya manne, gishirin teku na tona mini maƙogwaro.

Ina shan wata kwana sai na ji guɗa. Guɗa sosai, irin ta gida. Ashe Hajiya Mariama ta baza labari cewa wata uwa daga gida na tsere da Turawa. Ga Bitrus da Rifkatu, ga direbobi, ga masu aikin tura kaya gida, ga 'yan Nijar, an cika bakin shinge ana "Sai Mama!" Daɗi ya kama ni. Kafin in gama jin daɗin, Hajiya ta tura shinge da ƙugu ta shigo titi, da filas a hammata da kofi a hannu, tana bin gefena da gudu, mayafi na tashi.

"Maman Safiya, sha! Koko ne, na sa ƙanƙara!"

Na ji ƙamshin citta. Wallahi hannuna ya ɗaga da kansa. Alƙaliyar ta matso da kekenta tana girgiza kai tana cewa "No, no."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an hana."

"Wa ya hana? Wannan siririn? Shi ya san yunwa? Sha!"

"Za a soke ni, Hajiya!"

"Kurɓi ɗaya! Tun asuba na dama. Ka ci abincina kullum, yau a gaban mutane za ka ƙi hannuna?"

Ku da kuke karantawa kun san nauyin wannan magana. A wurinmu ko maƙiyinka ya miƙo maka ruwa kana kai shi baki, balle wadda ta girme ka, ta ciyar da kai a baƙon wuri ba ta karɓi ko sisi ba. Ga jama'a sun ɗauka: "Ki sha mana, Mama! Ki karɓa!" Wasu samari ma sun fara tsallako shinge za su yi mini rakiya. Na hango Safiya a cikinsu. Kurɓi ɗaya ya ishe ta ta ci sharaɗinta. Ba ta ce in sha ba, ba ta ce kar in sha ba, ta dai toshe baki da hannu biyu. Alƙaliyar ta kai hannu aljihu inda katinta na soke mutum yake.

Na tuna tagar nan da ba ta buɗuwa. Na ja numfashin da ya rage mini, na saki muryar da nake korar karnuka daga banda da ita.

"Mariama! Fita mini daga hanya da kokonki! Ku kuma duk wanda ya biyo ni, Allah Ya isa!"

Samari suka koma ta inda suka fito. Hajiya ta tsaya cak a tsakiyar titi da kofi a hannu, na ga fuskarta, kuma har yau ina ganinta. Na ci gaba ina gudu ina kuka, ga ƙishi ga kunya. Alƙaliyar ba ta ji Hausa ba, amma ta mayar da hannunta kan keke, ta kuma ɗan ja baya da ni, ina jin don tsaron lafiyarta.

Sauran hanyar ban san yadda na yi ta ba. Na sami teburin ruwa, na sha, na yi tafiya, na yi sassarfa. Motar ta matso har ina jin ƙarar injinta, na juya na zare wa direban ido. Da na iso ƙofar gamawa an fara naɗe tutoci. Mai lasifika ya karanta sunana ya karya shi gida uku, wata yarinya ta rataya mini lamba, na zauna a ƙasa daram. Safiya ta zo ta huda mini yatsa ta auna suga, ta ce lafiya lau.

Washegari ƙafafuna suka ƙi lanƙwasuwa, a zaune na yi salla. Duk da haka na ce a kai ni wurin Hajiya. Na shiga shagon ina tafiya kamar sabuwar kaciya, na yi niyyar durƙusawa, gwiwa ta ƙi, sai na dafa tebur na ce ta yafe mini. Ta yi kamar ba ta gan ni ba, tana ta juya tukunya.

"Mariama," ta ce. "Ko Hajiyar ma ka cire."

"Na tuba, Yaya."

"A gaban 'yan Nijar."

"Na tuba."

Ta buɗe firji ta ɗauko filas ɗin jiya, ta dire a gabana. "Shanye. Duka." Kokon ya kwana ya yi tsami, na shanye shi tas tana tsaye a kaina. Sannan ta fashe da dariya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin samari sun tsallake shinge da baya ba.

A hanyar komawa, ina rataye da kafaɗar Safiya, na ce, "To, maganar banda ta mutu ko?"

"Ta mutu, Mama. Ki koma gidanki." Muka yi 'yan taku sai na ji kafaɗar tana rawa. Na duba, kuka take.

"Ke kuma fa? Ba ga shi kin ga lafiyata ba?"

"Na gani. Ni dama ba ciwon ne kawai ba." Ta share hanci da gefen mayafi. "In na taso aiki, ni kaɗai nake cin abinci. Ba mai ce mini sannu da zuwa."

Na tsaya a tsakiyar masu kayan yaji na dube ta. Yarinyar da na goya, ta iya allura, ta iya Turanci, ta iya Larabci, amma ba ta iya cewa tana kewar uwarta ba sai ta bi ta asibiti.

Na ce, "Don ubanki, da kin faɗi haka tun farko, da na sha ruwan gishiri?"

Na ƙara mako biyu a wurinta, da kaina, ba da sharaɗi ba, kuma mun yanke duk shekara in ruwa ya cika kifi ya yi wuya zan je in yi mata wata guda. Banda na nan tana hayaƙi, sugana na nan muna zaman lafiya. Wannan shi ne abin da ya faru, wanda ya ji wani abu daban ƙarya aka yi masa. Mai son ganin lambar ya zo rumfa, amma ya zo da niyyar sayen kifi.